Lissafin Taki da Kara

Tambaya: Malam, mahaifina a Kware yana barin Fulani su sauka gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. Lissafi zai iya bayyana wannan cuɗanya? Ɗalibi, Sakkwato.

Amsa: Ƙwarai, ɗana. Masana biyu, Lotka a 1925 da Volterra a 1926, sun tsara lissafin mafarauci da abin farauta, inda cin wani yake rage wani. A gonarku, da yake shanu da gero suna amfanar juna, sai alamar ragi ta koma ƙari. Amma in ba ka sa iyaka ba, lissafin kan nuna shanu da gero suna ninkuwa ba tsayawa. Iyakar ita ce faɗin gona da ruwan damina. Na ga gonar kakana da shanu suka yi wa yawa, ƙasa ta zama daɓe. Fara ƙirga damman geronku da adadin shanun bana.