Ku Tambaya Mu Amsa: Yawon bakin teku da abokai a jirgin iska

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda zafi ya fara shigowa wasiƙun da ke zuwa filin nan kusan duk magana ɗaya suke yi, wato fita yawo a jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin wanda ake ɗaga masa ƙyalle, abokai su haɗu su yi kwanaki suna bin gaɓa daga wannan tasha zuwa waccan. Na tsamo guda shida, sauran sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu shida ne abokai tun muna makaranta, mun yi karo-karo zamu ɗauki hayar jirgi na sati ɗaya a Girka cikin watan Agusta. Mun tsara tsibirai bakwai, kullum ɗaya, daga Atina mu bi ta Mikonos har Santorini mu dawo. Ɗaya daga cikinmu ya yi kwas ɗin tuƙi yana da takarda. Dan Allah tsarin ya yi?

AMSA: Ɗan'uwa gaskiya bai yi ba, kuma gara in faɗa maka yanzu da ka je teku ta faɗa maka da kanta. Mu fara da lissafi. Irin jirgin da zaku samu haya gudunsa not 5 ne zuwa 6 in komai ya tafi daidai, not ɗaya kuwa mil ɗaya ne na teku a awa, wato kilomita 1.852, kaga kenan kilomita tara zuwa sha ɗaya a awa, mai keke ma zai wuce ku. Daga Atina zuwa Santorini ya haura mil 120, zuwa da dawowa sama da 240, awa 48 kenan a kan ruwa in babu abin da ya tsayar da ku. Kuma satin naku ba kwana bakwai bane, galibi ranar Asabar da yamma ake miƙa jirgi sannan ana so ya dawo tasha Juma'a da yamma, kwana shida kenan, kullum awa takwas kuna tafe. To yaushe zaku yi iyo, yaushe zaku zauna hira, wanda ai shi ne ya fito da ku tun farko?

Wannan ma kafin a zo maganar meltemi. Iska ce ta arewa da ke busawa a tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, daidai lokacin da kuka zaɓa, kuma in ta taso tana iya kwana uku huɗu bata kwanta ba, sama garau babu gajimare ko ɗaya amma teku duk ta yi fari da kumfa. A ma'aunin ƙarfin iska na Bofot da ke tashi daga 0 zuwa 12, daɗin tafiya yana 3 da 4, ita kuwa meltemi kaiwa 6 ko 7 ba komai bane a wurinta. Tafiya kudu zata yi muku daɗi don tana bayanku tana tura ku, dawowar ce aiki, domin jirgin iska baya iya fuskantar iska kai tsaye, sai ya karkace wajen digiri 45 yana saƙa hanya dama da hagu, tafiyar mil 20 ta koma kusan 30 kuma ruwa na dukan ku a fuska.

Na taɓa ganin yadda abin ke kasancewa. Mun kwana a wata ƙaramar tasha, tun asuba igiyoyi ke dukan sandunan jirage ƙwal ƙwal ƙwal ba tsayawa, masuntan wurin babu wanda ya kwance jirginsa, suna zaune kan dakali suna ɗinkin taru. Wasu matasa da ke maƙwabtaka da mu suka ce dole su fita don tikitin jirgin samansu na jibi ne. Kafin azahar sun dawo, ƙyallen gaba ya yage, wata yarinya a cikinsu na rungume da bokiti ta kasa ko ɗaga kai, kuma har dare babu mai yi wa wani magana a jirgin. Tikiti ne ya fitar da su. In mutum ya ce ai lokacin zafi ne teku a kwance take, a tuna masa da gasar tseren jiragen iska ta Fastnet ta watan Agusta 1979, jirage 303 suka tashi daga Ingila, guguwa ta same su, matuƙa 15 suka rasu.

Shawarata ku rage buri. Ku tsaya tsibiran da ke kusa da Atina, su Egina da Poros da Idra, Egina bata kai mil 20 ba daga tasha kuma wurin ya fi samun kariya. Ko ku koma yammacin ƙasar wajen Lefkada da Itaka da Kefaloniya inda iska kan taso da rana ta kwanta da dare. Kullum mil 15 zuwa 20 ya ishe ku, ku bar rana ɗaya fanko ba tsarin komai, ku fara da ɓangaren da ke fuskantar iska tun kuna da ƙarfi don ta rako ku gida. Kuma tunda mutum ɗaya ne kawai ya iya a cikinku, ku shiga ayari, wanda kamfanonin haya ke kira fulotila, jirage da yawa na tafiya tare da jirgin jagora mai ƙwararren kyaftin da makaniki, kowace safiya a zauna a duba hasashen yanayi a faɗi inda za'a kwana.

TAMBAYA: Yaya ni matsalata ko a mota nake ina duba waya sai zuciyata ta tashi. Ƙawayena sun matsa sai na bi su, ina so amma tsoro nake kar in ɓata musu tafiya.

AMSA: Ƙanwata ki je abinki, babu abin kunya a ciki, har tsofaffin matuƙa yana kama su. Abin da ke faruwa shi ne cikin kunnenki na gaya wa ƙwaƙwalwa ana motsi, idonki kuma in kina cikin ɗaki yana cewa komai a tsaye yake, saɓanin nan ne ke kawo jiri da amai. Don haka ki zauna waje ki sa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, ki ajiye waya, in kyaftin ya yarda ki karɓi sitiyari don mai tuƙi ya fi samun sauƙi. Kar ki fita da yunwa kuma kar ki cika ciki da maiƙo. Akwai ƙwaya irin Stugeron da kuma filastar da ake mannawa bayan kunne, amma tun kafin a tashi ake amfani da su, kuma suna sa barci, ki tambayi likita musamman in kina da juna biyu ko kina shan wani magani. In aman ya zo ki yi a bokiti, kar ki leƙa ta gefen jirgi don a nan ake faɗawa ruwa, sannan ki riƙa kurɓar ruwa kaɗan kaɗan. Yawanci kwana biyu zuwa uku jiki ke sabawa.

TAMBAYA: Malam bara mun fita mu biyar, abokina na ƙut da ƙut shi ne kyaftin. Wajen shiga tasha ya daka min tsawa gaban kowa wai in saki igiya, har yau abin na raina. Ga rigimar kuɗi da wanke-wanke. Bana ma sun kira ni, in je ko in haƙura?

AMSA: Ɗan'uwa na ji zafin da ka ji, tsawa gaban mutane bata da daɗi ko daga wa ta fito. Amma ka tsaya a inda yake tsaye ka gani. Jirgi mai nauyin tan bakwai ko takwas, ba birki, iska na tura shi gefe, jiragen mutane dama da hagu, sunansa ne a takardar haya, kuma daƙiƙa biyu ce tsakanin shiga lafiya da karo. A wannan lokacin murya ɗaya ake bi, ba'a muhawara. Laifinsa shi ne bai tara ku tun kuna nesa ya raba aiki ba, wane kai ne igiyar gaba, wane ta baya, wane ka riƙe balan-balan ɗin kare gefe, kuma ya gargaɗe ku kar kowa ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da bango. Kyaftin ɗin da ya yi wannan da wuya ya buƙaci ɗaga murya. Ka same shi ku biyu ka gaya masa abin ya taɓa ka, ina kyautata zaton shi ya ma manta.

Sauran kuwa, zo mu zauna zo mu saɓa ne, balle mutum biyar a wuri mai tsawon mita 12 da banɗaki ɗaya ko biyu da bango kamar takarda. Abin da ke raba abokai a jirgi ƙanana ne, wani ya yi wanka ya kusa ƙarar da tankin da kowa ya dogara da shi, wani ya bar jiƙaƙƙen tawul kan kujera, wani kullum in an zo wanke-wanke sai barci ya kama shi. Duk a tudu ake kashe su kafin a taka jirgi. Ku yi asusu ɗaya kowa ya zuba daidai, mutum ɗaya ya riƙe yana rubutawa, mai da kuɗin tasha da cefane duk daga ciki. Ku fayyace wa zai biya in an yi ɓarna aka riƙe kuɗin ajiya, ni dai ina ganin a raba daidai, don in aka ɗora wa wanda ya yi kuskure shi kaɗai gobe babu mai yarda ya taɓa igiya. Ku rubuta jerin girki da wanke-wanke ku manna a bango. Ku tambayi juna me kowa ya zo nema, don mai son a wuni ana tafiya da mai son a yada anka, wato ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ta riƙe jirgi, a kwanta tun hantsi in basu yi magana ba ranar Talata zasu fara harare-harare. In an sauka tudu kuma a bar kowa ya ɗan yi yawonsa shi kaɗai ko na awa ɗaya ne. Ka je.

TAMBAYA: Na iya iyo sosai, dole ne sai na sa rigar ruwa mai hana nitsewa?

AMSA: Dole ne, gwanin iyo ai shi ruwa ke ci. Mafi yawan masu faɗawa ba da shiri suke faɗawa ba, wani lokaci sandar da ke kwance ƙarƙashin babban ƙyalle ce ke juyowa ta bugi kai, wanda ya suma kuwa iyonsa bai amfane shi ba. Jirgi mai gudun not 5 cikin minti ɗaya ya yi maka nisan mita 150, kanka ya zama ɗan ɗigo tsakanin igiyoyin ruwa, shi yasa ake ware mutum ɗaya aikinsa kawai nuna wanda ya faɗa da yatsa kar ya ɗauke ido. In ruwan bai kai digiri 15 ba, kamar tekun Birtaniya a farkon lokacin zafi, sanyin na sa mutum ya ja numfashi ba da sonsa ba ya shaƙi ruwa, ƙungiyar ceto ta RNLI na ba da shawarar a kwanta rigingine har numfashi ya daidaita. Ka ɗaure maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, in ba haka ba rigar zata haye kanka. In kuma iyon nishaɗi zaku yi, a sauke tsani tukuna kuma a bar mutum ɗaya a sama.

TAMBAYA: Muna so mu kwana a lungun teku maimakon tasha amma ina tsoron jirgi ya tafi da mu muna barci.

AMSA: Kwana a lungu shi ne daɗin tafiyar gaba ɗaya, ruwa shiru, taurari kamar ka miƙa hannu. Sirrin a tsawon sarƙa yake, a saki aƙalla ninki huɗu na zurfin ruwan, in igiya ce ninki shida ko bakwai, domin anka a kwance take kamawa. A nemi yashi, wurin da ruwa ya yi haske, a guji ciyawar ƙasan teku don bata riƙewa kuma a wasu wurare kamar tsibiran Baleyarik na Sifaniya an hana yada anka a kanta. Bayan an saki a ja da baya da inji a hankali, ka saita abu biyu a tudu, misali bishiya da dutsen bayanta, in basu goce wa juna ba ta kama. Ka yi lissafin cikowar teku, kusan duk awa 12 da minti 25 take cika, a Bahar Rum bambancin kaɗan ne amma a Sen Malo na Faransa yana kai mita 12, kuma ya fi yawa a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Ku kunna farar fitila, ku saita ƙararrawar anka a waya, ku tabbata kun san inda iska zata juya cikin dare.

TAMBAYA: In kyaftin ɗin ne kansa ya samu matsala fa, mu da bamu iya komai ba ya zamu yi?

AMSA: Madalla da wannan tambaya. Tun ranar farko ku sa shi ya nuna wa kowa yadda ake tada inji da kashe shi, yadda ake sauke ƙyalle, inda abin kashe gobara da akwatin magani suke, da yadda ake rufe gas. Sai oba-obar jirgi, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya. In rai na cikin haɗari a danna maɓallin magana a ce mede, kalmar neman ceto, sau uku, a faɗi sunan jirgi, inda kuke kamar yadda na'ura ta nuna, abin da ya faru da adadin mutanen da ke ciki, sannan a saki maɓalli a saurara. In matsala ce ta gaggawa amma ba ta rai ba, kamar inji ya mutu, pan-pan ake cewa. Yawancin na'urorin yanzu suna da jan maɓalli a ƙarƙashin murfi, a danne shi kamar daƙiƙa biyar zai aika da kiran da kansa. Ku rubuta kalmomin da manyan baƙi a kati ku manna kusa da na'urar, kowa ya karanta da ƙarfi sau ɗaya kafin a kwance igiya, har da ƙaramin cikinku.