Littafin da Mahaifina Ya Bari: Shin Bugun Farko Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi aiki a gonakin audugar Jazira da ke Sudan, kuma cikin littattafan da ya bari akwai wani na Turanci mai suna Silent Spring. Wani malami ya ce mini idan bugun farko ne yana da daraja. Ta yaya zan gane? Daga wani mai karatu a Wad Madani.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Ban yi mamakin samun wannan littafi a hannun ma'aikacin Jazira ba, domin marubuciyarsa, Rachel Carson, ta yi shi ne a kan illar magungunan ƙwari irin su DDT ga tsuntsaye da kifaye da mutane, kuma a da an daɗe ana fesa wannan magani a kan audugar yankinku.

Ka fara da shafin da ke ɗauke da sunan littafin. Bugun farko kamfanin Houghton Mifflin na birnin Boston a Amurka ne ya fitar da shi a watan Satumba na 1962. Idan ka juya bayan wannan shafi, inda aka rubuta haƙƙin mallaka, ya kamata ka ga kalmomin "First Printing". Bangon mai tauri ne, an lulluɓe shi da koren ƙyalle, shafukan 368 ne, kuma zanen da ke ciki na Lois da Louis Darling ne.

Sai dai a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. A watan Oktoba na shekarar, wata ƙungiyar masu karatu a Amurka, Book-of-the-Month Club, ta rarraba wa mambobinta kwafi masu yawa waɗanda suka yi kama da na asali ƙwarai. Saboda haka ka duba rigar takardar da ke kan bangon, in har tana nan: ta asali tana da farashin dala 5 a leɓen da aka lanƙwasa ciki, ta ƙungiyar kuwa ba ta da farashi. Sannan ka shafa yatsanka a ƙasan bangon baya, kusa da ɗaurin. Idan ka ji wani ɗan lotsawa kamar an danna hatimi ba tawada, to alama ce ta kwafin ƙungiya.

A ganina, abin da ya fi yiwuwa shi ne naka bugun Ingila ne, tun da yawancin littattafan Turanci na wancan zamani ta Landan suke shigowa Sudan. Wannan Hamish Hamilton ne ya buga shi a 1963, da gabatarwar Lord Shackleton da ta Julian Huxley. Shi ma masu tara littattafai suna nemansa, amma bai kai na Boston ba.

Ina roƙonka, kafin ka nuna wa masani, kada ka liƙa masa salatef, kada ka kai a sake masa bango, kuma kada ka yar da rigar takardar ko da ta yage, domin kaso mai yawa na kuɗinsa a jikinta yake. Idan mahaifinka ya rubuta sunansa a ciki, ka bar shi yadda yake. Ka ɗauke littafin daga ƙasa saboda gara, ka naɗe shi cikin farar takarda, ka ajiye shi inda rana da laimar damina ba za su same shi ba.