Fanshon mamaci a Birtaniya da auren masallaci

Yaya, na ga tambayarka, wai da gaske ne a nan macen da ke zaman daduro da ma'aikacin gwamnati tana karɓar fanshonsa in ya mutu, tamkar matar aure? Da gaske ne. Sai dai kafin ka gama salati, bari in gaya maka inda abin ya shafe mu.

Maganar ta yi ƙarfi ne da shari'ar Denise Brewster, wata mata a Ireland ta Arewa. Shekara goma suna tare da Lenny McMullan, ma'aikacin kamfanin sufuri na Translink, ya rasu kwatsam a Disamban 2009, kwana biyu da yin baikonsu. Hukumar fansho ta hana ta fanshonsa, don babu takardar da ya ambaci sunanta a ciki, takardar da ba a nema a wurin masu aure. A Fabrairun 2017 Kotun Ƙoli ta ce wannan bambanci ba shi da hujja. Amma ba a sakar wa kowa mara ba. A tsarin ma'aikatan ƙananan hukumomi, sai an tabbatar sun zauna tare shekara biyu a jere, aljihunsu a haɗe yake ko ɗaya na dogaro da ɗaya, kuma babu abin da zai hana su aure a doka.

To, a Ingila auren da aka ɗaura a masallaci ko a falo, da waliyyi da shaidu da sadaki lakadan, in ba a yi masa rajista ba, hukuma ba ta san da shi ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jaddada haka a 2020, a shari'ar Akhter da Khan. Matar da ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, da 'ya'yanta a gabanta, a takardar ofis matsayinta ɗaya da mai zaman daduro. Abin da ɗaci, amma haka yake. Ƙofar da kake gani ta lalata ce, ta nan matan irin wannan aure suke samun abin riƙe marayu. Wanda aka ɗaura nasa a gida bisa ƙa'ida, a Kano ko Maraɗi, galibi ana karɓarsa, muddin takardar shaida na hannu.

Shi ya sa yanzu in yaranmu za su yi aure, manya ke matsawa a je ofishin rajista a makon, kafin a gama cin gara. Akwai mazan da ke noƙewa, wai abin Turawa ne. Ni dai na fi zargin tsoron rabon dukiya suke in an zo saki. Wadda ba ta da rajista kuwa, sai ta kwaso takardar haya, da ta wuta, da ta banki masu sunansu biyu, ta nuna wa baƙo cewa mijinta mijinta ne, tana cikin zaman makoki.

Ka kuma tambayi rabon gado. Fanshon wata-wata ba ya shiga gado, na wadda ya bari ne da yara ƙanana. Dunƙulallen kuɗin mutuwa kuwa akwai takardar da mutum ke rubuta wanda yake so a ba, a nan wasu ke sa iyayensu na gida.

Wadda ta fi shiga uku ita ce amaryar da aka ɗaura a nan a kan uwargida mai rajista. Doka ba ta yarda ya aure ta ba, don haka sharaɗin nan na uku ya fitar da ita.