Kada ka bar kasuwar saboda zaɓe

Ka tambaya ko ya dace ka daina zuwa kasuwar manoma, tunda ɗan takararka ya faɗi kuma duk rumfar da ka tsaya hirar zaɓe ake yi. Kada ka daina. Ka je ka yi cinikinka, in an ɗauko zancen ka faɗa musu kai tsaye cewa har yanzu abin yana maka zafi, ba ka son a taɓa shi yau. Yawancin mutane sukan fahimta su sauya magana.

Ni ma na taɓa shiga irin wannan hali. Mako 3 na yi ina kauce wa wani dattijo da na daɗe ina sayen kaya a wurinsa, don kawai na ji yana murnar nasarar ɗayan ɓangaren. Ranar da na koma, yana ɗaure min kaya da hannayensa masu kanta, sai ya shiga ba ni labarin tsadar taki, da ruwan sama da ya makara, da kuɗin dako da ya cinye masa riba. Wallahi su ne damuwar da ta sa na zaɓi nawa, shi kuma ita ce ta kai shi ga nasa, sai na ji kunyar gudun da na yi masa. Sharaɗi ɗaya dai: in wani ya mayar da hirar gori ko zagi, kada ka tsaya ramawa. Ka biya kuɗinka, ka yi masa sallama, ka matsa rumfa ta gaba.