Likita, Hannuna Yana Sagewa Idan Na Tuƙa Keke

Likita, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya, da keke nake zuwa makaranta, tafiyar kamar minti 40. Kafin in isa sai ƙaramin yatsana da mai bi masa su sage, in riƙa jin kamar kiyashi na yawo a ciki. An ce in sayi robar hannun keke mai taushi. Za ta yi magani?

Za ta taimaka, ɗana, amma ba ita kaɗai ba. Akwai wata jijiya da likitoci ke kira jijiyar ulna, wadda ke saukowa ta gwiwar hannu ta ratsa wani ɗan matsattsen lungu a gindin tafin hannu, ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Ita ke kai ji ga ƙaramin yatsa da rabin yatsan zobe. Daidai wurin nan kake ɗora nauyinka a kan ƙarfen keke, ga kuma girgizar hanya. Idan wuyan hannunka ya lanƙwashe baya, jijiyar na shan matsi da ja a lokaci guda.

Roba tana baza matsin ne, ba ta rage nauyin da ka jibga wa hannu. Saboda haka fara da sirdi. Idan hancinsa ya sunkuya ƙasa, jikinka zai yi ta zamewa gaba kana tokarewa da hannu ba ka sani ba. A daidaita shi ya kwanta sosai. Tsayinsa kuma: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Kan keken ya zama daidai da tsayin sirdi ko ya ɗan fi shi, amma kada mai gyara ya zaro sandar har ta wuce layin da aka zana a jikinta, don tana iya karyewa. Sannan ka saki gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, ka sassauta riƙo, ka riƙa sauya wurin da ka dafa duk bayan minti 10 zuwa 15.

Wani mai tambaya kuma ya ce: Ina kai kayan miya kasuwa da keken Phoenix a Maraɗi. Na naɗa wa hannun keken soso da tsohuwar tiyub har ya yi kauri, amma ciwon sai ƙaruwa yake. Me ya sa?

Malam, kaurin ne ya cuce ka. Idan abin riƙo ya fi ƙarfin tafin hannu, dole ka ƙara damƙa kafin ka mallaki keken, balle ga kaya a baya, sai tsokar damtse ta gaji. Soso mai laushi ainun kuma yana lotsewa a ƙarƙashin ƙashi, ya kumburo ya cusa kansa tsakiyar tafin hannu inda jijiyoyi suke. Tiyub kuwa da gumi ya taɓa ta sai santsi.

Cire su duka. Nemi roba mai ɗan tauri, wadda idan ka danna da babban yatsa za ta lotsa kaɗan ta dawo nan take. Kaurinta daga waje ya zama milimita 30 zuwa 34, gwargwadon girman hannunka. Idan ka riƙe, kan yatsanka na tsakiya ya kusa taɓa gindin babban yatsa. Na fi son mai faffaɗan fiffike da tafin hannu ke kwanciya a kai, domin tana hana wuyan hannu faɗawa ƙasa. Ƙarfen yawancin kekuna milimita 22.2 ne a wurin riƙo, to ba a cika samun matsalar shiga ba, sai dai ka auna tsawon wurin saboda birki.

Wajen sawa, a goge ƙarfen tas, a zuba ɗan sifirit a cikin robar, a tura ta da sauri, a bar ta ta bushe kafin a hau. Kada a yarda a shafa mai ko giris, robar za ta riƙa juyawa, wata rana ta zare kana kan titi. Idan mai ɗaurin noti ce, ka hau keken tukuna, ka juya fiffiken har bayan hannunka da damtsenka su miƙe a layi ɗaya, sannan a ɗaure da alanki. Fiffiken da ya kwanta ƙasa da yawa bai da amfanin komai. Iskar taya ma a duba, domin tayar da aka cika ta yi tauri kamar dutse tana aiko da kowane gargada kai tsaye zuwa hannu.

Wani kuma ya ce: Shekarata 56, ina da ciwon suga. Ni babban yatsa da manuni da na tsakiya ne ke sagewa, har cikin dare yana tashina.

Baba, taka wata jijiyar ce daban, wadda ke bi ta tsakiyar wuyan hannu. Tashin dare alama ce ta matsewarta a wannan mashigi, kuma masu ciwon suga sun fi saurin kamuwa da hakan. Keke yana iya tsananta shi, amma da wuya a ce shi kaɗai ne sila. Ka riƙa kwana da takalmin wuyan hannu da ke riƙe shi a miƙe, na makonni 4 zuwa 6. Ka je a auna sugarka. Idan ka daɗe kana shan maganin suga na metformin, a duba bitamin B12, domin maganin na iya rage shi, ƙarancinsa kuma yana taɓa jijiya. Kada ka ɗora wa kanka diclofenac ko ibuprofen kullum, ba sa buɗe jijiyar da ta matse, ga haɗarin gyambon ciki da lahani ga ƙoda.

Mai tambaya na ƙarshe ya ce: Bayan wata doguwar tafiya a keke, sati biyu ke nan ba na iya murɗa mukulli ko ɓalle maɓallin riga. Ciwo babu, ƙarfin ne ya tafi.

Wannan ya wuce batun roba. Ajiye keken yau, ka ga likita cikin makon nan. Reshen jijiyar ulna da ke motsa ƙananan tsokokin hannu ne ya matsu, shi ya sa babu zafi. Gwada matse takarda tsakanin yatsu a miƙe, wani ya ja. Idan ta zare cikin sauƙi, ko ka ga naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya fara faɗawa, za a iya tura ka gwajin saurin saƙon jijiya. Yawanci yana warwarewa cikin makonni ko 'yan watanni idan an daina dannawa.

Ka faɗa wa likitan idan bayan hannunka ma ya sage, domin hakan na nuna matsalar daga gwiwar hannu ko wuya take. Idan akwai wani tabo mai haske a fatarka da ba ka jin taɓi a kansa, a duba kuturta: tana son wannan jijiyar, tana warkewa, kuma maganinta kyauta ne. Sagewar da ta zo farat ɗaya ta kama hannu duka, tare da karkacewar baki ko sarƙewar harshe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya asibiti a lokacin.