Sayar da fadamar gado don sayen hannun jarin kamfanin abinci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin shinkafa ne a ƙasar Argungu. Wani abokina ya ba ni shawara in sayar da fadamar da muka gada in sayi hannun jari a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan masu gonaki da injinan fulawa da sukari da taliya. Ya ce abinci ba ya kwantai. Fadamar tawa ce da 'ya'yan yayana marigayi, suna hannuna. Ya halatta?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hannun jari a kamfanin da sana'arsa halal ce, asalinsa halal ne. Amma ɗan'uwa, abin da ya fi nauyi shi ka bari a ƙarshen tambaya: marayu.

Juya kuɗin maraya a kasuwanci ya halatta, Sayyidina Umar ma ya yi umarni da shi don kada zakka ta cinye su. Ƙasa kuwa hukuncinta daban. Malaman Malikiyya ba su yarda wasiyyi, wato mai riƙon dukiyar maraya, ya sayar da gida ko gonar maraya ba sai da dalili bayyananne, kamar buƙatar ciyar da shi, ko tsoron lalacewarta, ko tayin da ya zarce kimarta nesa ba kusa ba. Fadamar da ake nomawa rani da damina, ga masu sayen shanshera har bakin gona, ba ta cikin wannan. Kason yaran kada ka taɓa shi. Ka je gaban alƙali a raba, a rubuta, a sa shaidu.

Kasonka kuma, kafin ka saya ka nemi rahoton shekara na kamfanin, ka sa wanda ya san lissafi ya duba maka bashin ruwan da ke kansa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce asali haramun ne shiga kamfanin da ke mu'amala da kuɗin ruwa. Waɗanda suka sassauta, kamar hukumar AAOIFI da ke Bahrain mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, sun sa sharaɗi: bashin ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga na haram kada ya wuce kashi 5, kuma ka cire wannan kason daga ribarka ka ba mabuƙata ba da niyyar lada ba. Wannan fatawar ta sassauci nake bayarwa ga mai buƙatar shiga.

Za ka ji masu cewa duk wannan wahalar banza ce, wai daraktoci ne suka ci bashin, zunubin nasu ne, kai takarda kawai ka saya. Maganar ba ta da ƙafa. Takardar nan shaidar mallaka ce, kai abokin tarayya ne gwargwadon kasonka, daraktocin kuma masu hannun jari ne ke zaɓensu a taron shekara, wato wakilanku ne. Idan an raba riba ba ka cewa ta daraktoci ce, hannu kake miƙawa. To don me sai wajen kuɗin ruwa za ka zama baƙo? In suka ce ƙuri'arka ba ta sauya komai, sai mu ce wannan ne dalilin sassaucin tun farko, kuma sassauci na lalura iyaka gare shi. Ba wanda ya tilasta maka shiga.

Batun "abinci ba ya kwantai" ma ka sake tunani. Yawancin alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje take zuwa, ɗanyen sukari kuma galibi daga Brazil, duka da dala. Da dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024, akwai manyan kamfanonin abinci da cinikinsu ya ƙaru amma suka rufe shekara da asara. Ka tambaya: nawa ne bashinsu na dala? Me ke saura bayan sun biya bankuna? Shekara nawa a jere suka raba riba? Sannan ka san wa ke riƙe da kaso mafi tsoka, domin kamfanin fulawa na Flour Mills, da aka kafa tun 1960, ya fita daga kasuwar hannun jari a ƙarshen 2024 bayan babban mai jarinsa ya saye na ƙanana.

Shawarata, kada ka sayar da kasonka na fadamar ma. In za ka gwada, gwada da rarar kuɗin kaka, ta hannun dillali mai rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, kada ka tura kuɗi asusun wani mutum, ko da abokin naka ne. Wallahu a'alamu.