Dubiya ga mai sankarar jini

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce likitoci sun hana taron dubiya wurin yayanka, dangi na ta gunaguni wai an yanke zumunci, kana son sanin ko al'adarmu ta yarda da haka.

Dubiya haƙƙi ce, ba mai musu. Sai dai don majinyaci aka yi ta. Ko a da, mai agana keɓe shi ake yi don kada ya shafa wa jama'a. Shi kuwa yayanka, shi ake karewa daga jama'a.

Wannan ciwo da suke kira AML, wani nau'in sankarar jini, a ɓargo yake farawa, inda jini ke samuwa, kuma ba ya jira. Cikin makonni ko 'yan watanni yake cin mutum idan ba a yi magani ba. Maganin farko ga mai sauran ƙarfi shi ne kwana 7 na cytarabine, a haɗa da daunorubicin kwana 3. Yana kashe miyagun ƙwayoyin jini har da nagari, sai jiki ya yi mako 3 zuwa 4 kusan ba garkuwa. A wannan tsakanin, murar da kai ba za ta hana ka fita kasuwa ba, shi tana iya kai shi kushewa. Haka furar da aka dama da ruwan randa, da jiƙe-jiƙen da gwaggonninku za su ɓoyo cikin mayafi, na san halinsu. Kada ya sha komai sai da sanin likita. Addu'a kuwa, daga unguwar Mabera ma tana isa gadon asibiti.

Ka tambayi warkewa. A asibitocin da kayan aiki suka wadata, cikin mutum 10 da ba su kai shekara 60 ba, 6 zuwa 8 ciwon kan lafa bayan wannan magani. Lafawa dai ba warkewa ba ce, yakan dawo, shi ya sa ake ƙara zagaye, wasu har sai an yi musu dashen ɓargo. Akwai wani nau'i, APL, da mafi yawan masu shi ke warkewa idan an fara magani da wuri. Ku tambayi likitan jini wane iri ne nasa.

Masu ƙorafin zumunci, ga inda ake nemansu: zai sha ƙarin jini ba sau ɗaya ba. Ka tara samarin gidanmu ka kai su sashen ba da jini na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ku da kuke uwa ɗaya uba ɗaya da shi kuma ku zauna da shiri, don idan maganar dashe ta taso, kowannenku damar dacewarsa ɗaya ce cikin 4. Dattawan da ransu ya ɓaci ka bar ni da su, zan zagaya bayan sallar Juma'a.